Baƙuwa a Gidan Jafta

Galway, ƙasar Ireland
Agusta

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Lenie Oktober,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya gwiwar nan taki? Yaya Goggo Dollie da bakinta? Mu nan lafiya lau. Maigidana Declan yana gaishe ki, Tamsin kuma ta ce in gaya wa kakarta haƙorinta na gaba ya fita.

Mama, ki nemi kujera kafin ki karanta sauran. An ba ni hutu a asibiti. Watan Fabrairu muna tafe, ni da Tamsin. Declan ba zai samu zuwa ba, wajen aikinsu ba za su sake shi ba. Na zaɓi in rubuto ne maimakon in buga waya don na san kunnenki. Zan yi ta ihu a nan har maƙwabta su ji, ke kuwa ki yi ta cewa "to, to," ba abin da ya shiga.

Mutanen nan wai bazara suke yi yanzu. Jiya rana ta ɗan leƙo, duk ma'aikatan ɗakinmu suka fita waje suna naɗe hannun riga, ni kuwa ina cikin rigar sanyi biyu. Rabona da gida tun jana'izar Baba, shekara huɗu ke nan, kuma ko a lokacin ban ga komai ba sai hawaye. Ina so rana ta gasa mini ƙeya. Ina so in farka in ji motar gona ta zo kwasar masu tsinkar inabi, mata suna zagin direba, shi yana ramawa da hon.

Ga yadda na tsara. Makon farko ba inda za mu. A barandar gidanmu zan zauna, in miƙe ƙafa, in nuna wa Tamsin tsakanin duwatsun nan biyu inda ake hango teku kamar zare. A ɗakina za ta kwana. Bayan nan zan ɗauki hayar ƙaramar mota mu tafi bakin ruwa, ki zauna a gaba, ba a bayan motar gona kamar buhunan taki ba, yadda ake kai mu sau ɗaya a shekara. Za mu binne kankana a jiƙaƙƙen yashi ta yi sanyi. Za mu tsinci ɓauren tsami a kan tudun rairayi, ki dafa mana shi da sukari. Na ba Tamsin labarin yadda Baba yake naɗe wando ya shiga ruwa iya gwiwa da hularsa a ka, ya tsaya kamar wanda aka ba gadin teku. Ta ce ƙarya nake yi.

Rufin ɗakina yana yoyo har yanzu? Na ga wasu labule masu kyau a nan, ki aiko mini da faɗin tagar falo.

Ki gaida kowa da kowa a gona.

Taki mai kewarki,
Berenice

*

Stanford
Satumba

Zuwa ga 'yata Berenice,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji, ke da maigidanki da jikata. Takardarki ta same ni lafiya. Gwiwa da sauƙi in ba a yi ruwa ba, kuma bana ruwa bai tsaya ba.

Na yi murna da jin kuna tafe. Na karanta wa Dollie, ta ce ki zo da hular rana babba don 'yar Baturen nan kada ta ƙone. A coci ma na faɗa, mata sun yi guɗa.

Sai dai maganar zama a gona, ki sake tunani. Kin manta yadda Fabrairu yake. Zafi ne da ƙudaje, motoci suna kai da kawo tun asuba, ga macizai a cikin inabi. Yarinyar ba ta saba ba. Dollie ta san wata mata a Franskraal mai ɗakuna biyu a bayan gidanta, daga ƙofa ana jin ƙarar ruwa. Mu sauka can tun ranar farko. Ai teku kika ce kina so.

Kada ki sayo labule. Kaya za su yi miki yawa a jirgi.

An gama datse rassan inabi, ganye ya fara fitowa. Dutse ya yi kore shar. Tsohuwa Mieta ta rasu, an binne ta kusa da babanki. Ban da wannan ba wani labari.

Ki riƙa cin abinci. A hoton da kika aiko wuyanki ya fito.

Allah ya kiyaye hanya.

Mahaifiyarki,
L. Oktober

*

Galway
Oktoba

Goggo Dollie,

Ina gaisuwa, ina fatan kina lafiya. Ki yi haƙuri gaisuwar ta zo a gajarce. Wannan takarda taki ce ke kaɗai, kada ki karanta wa Mama.

Akwai wata abokiyar aikina, Orla. Ita da mijinta suna shirin zuwa hutu ƙasarmu, wai su sha rana su zaga gonakin inabi. Shekaranjiya muna shan shayi ta fito da wani ɗan littafin talla na masaukin baƙi, ta ce in taya ta zaɓe tunda ni 'yar can ce. Ina buɗawa ina dariya, ina ce mata nan tsada kawai, nan kuma iska za ta ɗauke ku. Sai na juya wani shafi.

Goggo, gidanmu ne.

An shafe shi da farar ƙasa, an yi wa ƙofa shuɗin fenti, an jera kujeru biyu da kwalbar ruwan inabi a baranda. Amma na san matakalar nan mai karyayyen gefe, a kanta na fasa haɓa. A ƙarƙashin hoton an rubuta "Gidan Jafta." An ce wai an sa masa sunan wani amintaccen ma'aikaci da ya ƙare rayuwarsa yana kula da inabin gonar. Sunan Baba, Goggo. Ga hoton ciki kuma, bahon wanka a daidai inda gadona yake.

Orla ta ce, "Kai, wannan ya yi kyau! Kusa da garinku ne?" Na ce mata ba nisa. Na tashi na shiga ɗakin ajiye magani na rufe ƙofa.

Tun yaushe? Ina Mama take kwana? Kullum ta akwatin gidan waya nake aika mata takarda, ban taɓa kawo komai a raina ba. Watanni biyu ina yi mata surutun baranda da labule, tana amsa mini da macizai. Ke ba kya ɓoye magana. Ki gaya mini duka.

'Yarki,
Berenice

*

Stanford
Oktoba

Berenice 'yar ɗan'uwana,

Takardarki ta zo. Ga gaisuwa nan, ki raba da Baturen naki da 'yar mai giɓi.

Tun farko na gaya wa uwarki, na ce, "Lenie, yarinyar nan karatu ta yi, ba ciyawa take ci ba, wata rana za ta gane." Ta sa ni na ɗora hannu a kan Littafi ba zan faɗa miki ba. To ban faɗa ba, ke kika gani. Ni da Allah mun daidaita.

Bayan binne Jafta da shekara guda tsohon Maigona ya sakar wa ɗansa gona. Kin san ɗan, wanda kuke kama kwaɗi tare a madatsar ruwa, majina har baki. Ya zo da matarsa da kek a faranti. Ya zauna a falonku yana murza hula, ya ce, "Anti Lenie, kin san gidajen gona na masu aiki a gona ne." Ba zagi, ba tsawa. Da ma ya yi tsawa, da na samu abin kamawa. Uwarki ta dafa musu shayi a kofunan nan na baƙi, ta sa hannu a takarda, har da raka su mota. Ni na zo da a-kori-kurar Sakkie maƙwabcina muka kwashe kaya. Murhun ƙarfe ne kawai ya gagare mu. Yanzu na ji sun goge shi sun ɗora masa tukunyar furanni.

Tana nan wurina, a ɗakin baya inda keken ɗinkina yake. Tagar tana kallon katangar Sakkie da wandunansa a kan igiya. Muna faɗa safe da yamma a kan gishiri, amma ba ta kwana da yunwa.

Saura ɗaya, tunda kin ce duka. Da suka gama gyaran gidan, ƙaramar Madam, matar ɗan Maigona, ta zo coci tana cigiyar mai shara. Ba ta rufe baki ba uwarki ta miƙe. Litinin da Juma'a take bin motar gona, ta share, ta wanke bahon nan da kika gani, ta canza zanen gado. Ranar farko na tare ta a ƙofa na ce, "Lenie, zuciyarki ta mutu ne? Su fitar da ke, ki koma kina kwashe musu gashi a bututu?" Ta ɗaura ɗankwalinta ta ce, "Matsa, Dollie, mota za ta tafi."

Na yi fushi na wata guda. Sai na lura da wani abu. Ranar da ta je can, tana dawowa da labari, wai wasu Jamusawa sun kwanta a rana har sun yi ja kamar ƙaguwa, wai wata ta tambaye ta ko ta san Jafta. Ranar tana cinye abincinta tas. Sauran ranaku tsakura take yi. Daga nan na kama bakina, kin kuwa san ba ƙaramin aiki ba ne a wurina.

Ki yi abin da kika ga dama da wannan magana. In ta tashi kashe ni, ki turo kuɗin akwati mai kyau.

Goggonki,
Dollie

*

Galway
Nuwamba

Mamana,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina fatan kina lafiya.

Na sani, Mama. Na ga hoton gidan da idona, sauran kuma na matsa wa Goggo ta faɗa. Kada ki ga laifinta. Na yi kuka, na yi fushi da ke, na yi fushi da kaina da nake nan ina juya tsofaffin wasu a gado, tawa tana can tana wanke baho. Yanzu fushin ya wuce, shawara ta rage.

Na kama gidan. Mako guda cikin Fabrairu, da sunan aurena, Misis Furey, don haka ba su san ko wace ce ba. Ba roƙo na je ba, yadda kowane baƙo yake yi na yi.

Za ki kwana a ɗakinki. Za ki tashi lokacin da kika ga dama, ki zauna a baranda, ni in kawo miki shayi. Ba mai miƙa miki tsintsiya. Tamsin za ta ga inda uwarta ta girma, ko da an canza masa fuska. Nan duhu yake yi tun ana cikin aiki, in na fito asibiti ruwa na dukan fuskata, abin da nake riƙewa ke nan a raina: mu uku a kan matakalar nan, rana tana faɗawa bayan inabi.

Ki ce to, Mama. Wannan karon "to" ta gaske.

Taki,
Berenice

*

Stanford
Disamba

Berenice,

Ina gaishe ki, da maigidanki, da yarinya. Dollie ta ji daga bakina, kwana biyu ba mu yi magana ba, gidan ya huta.

Ba zan kwana a can ba. Ki karɓi kuɗinki.

Kin yi abin nan da zuciya ɗaya, na sani. Amma ba ki tambaye ni ba. Makon da kika zaɓa tsakiyar tsinkar inabi ne. Matan da muka yi shekaru muna sunkuyo tare za su wuce ta gaban gidan da kwanduna a ka, gumi na zuba, ni ina baranda na harɗe ƙafa ana kawo mini shayi. Da wane ido zan gaishe su? Ranar Litinin kuma in dawo da bokitina?

Wannan ma ƙarami ne. Bari in gaya miki babban, don ban iya faɗinsa da baki ba.

Kin ɗauka kunya ce ta sa na ɓoye miki. Ba ita ba ce. Kowa a nan ya san na tashi. Fasto ya sani, mai shago ya sani, karen Sakkie ma ya sani. Ke kaɗai ce a duniya da har yanzu a wurinki ina cikin gidana. In takardarki ta zo kina cewa ki gaida kowa a gona, yaya rufi, yaya baranda, sai in shiga ɗaki in karanta a hankali. Muddin ina karatun nan, ban tashi ba. Shi ya sa nake ta jinkiri. Yanzu wannan ma ya tafi, kuma ban ce laifinki ba ne.

Sharar da nake yi, kada ki ji tausayina a kanta. In na gama, kafin mota ta yi hon, nakan zauna a bakin gado wajen taga. Hasken yana shigowa yadda ya saba, bai san an canza komai ba. Wani lokaci har nakan ji kamar babanki zai buga takalmansa a matakala ya ce, "Lenie, akwai ruwan zafi?" Sai in tashi in gyara inda na zauna, in ja ƙofa. Mai shara ba ta ban kwana da gida. Ta san za ta dawo Juma'a.

Amma in na kwanta a ɗakin nan, na farka a cikinsa, na ji jikata tana gudu a tsakar gida, na saba kwana bakwai, to ranar ta takwas fa? Na fita daga gidan nan sau ɗaya da ƙafafuna, ban yi kuka a gaban kowa ba. Ba ni da ƙarfin na biyu.

Ku zo dai. Ina son ganinku fiye da yadda zan iya rubutawa. Na fara tara kwalabe saboda ɓauren.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki,
L. Oktober

*

Galway
Ƙarshen Disamba

Mama,

Barka da Kirsimeti, barka da shiga sabuwar shekara. Ina gaisuwa.

Na karanta takardarki a tsaye a bakin ƙofa, ban ko cire rigar ruwa ba. Ki yafe mini. Na tsara miki hutu kamar yadda nake tsara wa marasa lafiya magani, ban tambayi inda ke ciwo ba.

Na aika musu na soke. Ki ce wa Goggo ta ture keken ɗinki gefe, za mu shimfiɗa katifa a ƙasa ni da Tamsin, kusa da gadonki. In Goggo ta yi minshari mu kai ƙararta wurin Sakkie. Daga nan mu wuce wajen matar Franskraal.

Ba zan je gona ba sai dai kabarin Baba. Zan so in ga gidan ko daga nesa ne, amma in kin ce a'a, zan kau da kai in mun zo wucewa.

Saura kaɗan, Mama.

Taki,
Berenice

*

Stanford
Janairu

'Yata,

Gaisuwa a gurguje. Ɗiyar Fasto ce za ta tura miki wannan ta na'urar ofishinsu don ta riga jirginku.

Ranar Juma'a ina ninke tawul, ƙaramar Madam ta shigo ta ce, "Anti Lenie, matar Ireland ta soke. Amma ba komai, akwai wasu mutanen Holland da ke jira, ki shirya musu." Na tsaya da tawul a hannu. Na ga kaina ina ja wa baƙi zanen gado, jikata tana kwance a ƙasa tana kallon wandunan Sakkie.

Sai na ji bakina ya ce, "Ba ta soke ba, Madam. Kuskure ne. Misis Furey 'yata ce, Berenice, 'yar Jafta."

Ta yi ja har kunne. Ta ce ai da sun sani ba za su karɓi komai ba. Na ce za ki biya kamar kowa. Ta ce to wa zai yi shara a makon? Na ce ta nema.

Kwana uku za mu yi a gidan, ba bakwai ba. Matan gona na gaya musu da kaina, sun ce ranar Asabar in an tashi aiki za su zo baranda a ba su shayi su ma. Dollie ta ce ita wankan baho za ta zo yi, kowa ya kuka da kansa.

Abu ɗaya nake roƙo. Ranar fita kada ki tambaye ni ko na shirya. Ki sa kaya a mota, ki tayar da ita, sannan ki dawo ki kama hannuna. In na ce bari in ɗan gyara gado, kada ki yarda. Kada ki bar ni in wanke ko cokali ɗaya.

Sai kun iso.

Mama